Ƙauyen da Hureira Ta Gina Sau Biyu

Sunanta Hureira, 'yar Malam Yahuza magini, ɗan Maitama magini, wanda shi ma a hannun mahaifinsa ya karɓi sana'ar a cikin birnin Zazzau. Mahaifiyarta kuwa ita ce Bintu mai lalle, wadda amaren unguwa uku suka san zanen hannunta. Ta wajen uwa Hureira ta gaji natsuwar yatsu, ta wajen uba ta gaji idon da ke gane katanga ta karkace tun mai ita bai lura ba.

A gidansu gini gadon maza ne. Tana ƙarama takan zauna gefen wurin kwaɓa, ta tattara ragowar ƙasa ta yi 'yan gidaje masu zaure da soro. Kakanta Maitama yakan durƙusa ya duba su kamar aikin almajirin gini na gaske, ya ce indararonta ya kalli ɗakin maƙwabci, za ta ja wa kanta rigima da damina. Sai ta rushe ta sake. Amma da tsohon ya rasu, wanta Zulkiflu aka damƙa wa kayan aiki, shi kuwa bai daɗe ba ya koma sayar da bulo da siminti. Babu wanda ya tambayi Hureira.

Aure ne ya kawo ta Kuala Lumpur. Mijinta, Malam Halliru, ya zo karatun digirin digirgir, da ya gama aka riƙe shi yana koyarwa. Suka zauna a wani dogon bene a Taman Melati, inda daga tagar kicin ake hango jirgin ƙasa yana wucewa bisa gada. Takardar zamanta ta matar ma'aikaci ce, ba ta ba ta damar ɗaukar aiki. Takan yi wa matan 'yan Najeriya lalle idan Salla ta zo ko an yi suna, sauran kwanakin kuwa daga girki sai kai 'yarsu Khaulah makaranta, yarinyar da za ka yi wa Hausa ta amsa maka da Malayanci. Ba wahala take sha ba, amma hannunta ya zauna banza, kuma ta san da haka.

Maƙwabcinsu a benen wani ɗan Filato ne mai suna Josiah, ma'aikacin wani otal a Bukit Bintang, mutum mai barkwanci da son tuwo. Kowace Asabar yakan sa wani akwati a jaka ya tafi Wangsa Maju, wani ɗaki a saman shago, inda yake da ƙungiya ta masu wasan yaƙi na kan tebur. Ga yadda wasan yake, domin wanda bai taɓa gani ba. Akan shimfiɗa babban tebur, a yi masa daji da kogi da hanya, kowa ya jera ƙananan sojojinsa na dalma ko na roba, waɗanda tsawonsu bai wuce gaɓar yatsa ba. Da tef ɗin awo ake auna tafiyarsu, da ƙwayar ludo ake sanin ko harbi ya samu. Wannan ƙungiya ba kowane yaƙi take yi ba. Ta keɓe kanta ga yaƙe-yaƙen da Ingila ta yi a ƙasashen da ta mallaka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, irin na Kenya da Aden da Borneo, musamman na Malaya, wato wannan ƙasa da suke zaune a cikinta, wanda aka yi a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tsakanin sojojin mulkin mallaka da mayaƙan gurguzu na daji. Membobin na iya yin sa'a guda suna gardama kan launin hular soja.

Ranar wata Babbar Salla Josiah ya shigo cin nama, ya ga wani ɗan gida a kan firji, na kwali da yumɓu, wanda Hureira ta taya Khaulah yi domin aikin makaranta. Ya ɗauka ya juya shi, ya leƙa ta ƙofa ya ga har da ɗaurin guga, wato bakan rufin soro, a ciki. Nan take ya roƙe ta ta riƙa yi masa fentin sojojinsa, domin nasa, in ji shi, duk fuskokinsu kamar waɗanda aka tasa daga barci.

Ta ce masa ba ta yin siffar abu mai rai, haka aka tarbiyyantar da ita.

Ya ce, "To Maman Khaulah, bishiya fa? Gida fa? Ai su ba sa numfashi."

Malam Halliru ya yi dariya ya ce wannan fatawar ta Josiah ba laifi. Da haka aka fara. Ta yi masa itatuwan roba da waya da zaren kwakwa, kowace da ɗan kofinta na tarar ƙaro, wanda ta yanko daga kwanson ƙwayar magani. Ta yi gada, ta yi fadamar shinkafa da ruwan gam mai sheƙi. Kafin shekara ta zagayo, rabin dajin da ke teburin ƙungiyar daga kicin ɗin Taman Melati ya fito, ko da yake yawancin membobin ba su taɓa ganin mai yin sa ba.

Duk shekara ƙungiyar tana da ranar baje koli a wani zauren taro na unguwa, inda jama'a ke zuwa da yaransu su gani. Akwai babban tebur guda a tsakiya, kuma al'adarsu ce a rubuta sunan wanda ya gina shi a kan allo a kafa a gefensa. A waccan shekara suka yanke cewa babban teburin zai nuna abin da ake kira Sabon Ƙauye, wato irin garuruwan da hukumar mulkin mallaka ta tara manoma a ciki, yawancinsu Sinawa, ta zagaye su da waya mai ƙaya domin raba su da mayaƙan daji. Josiah ya kawo sunan Hureira, aka amince. Da ya gaya mata maganar allon, a ranar sai da ta ƙona miya. A duk zuriyar Maitama ba a taɓa jingina gini ga sunan mace ba.

Hotunan da Josiah ya turo mata ta waya tsofaffi ne, baƙi da fari, an ɗauko su daga nesa. Suna nuna rufin kwano da na ganye, da bangon katako, da layin waya. Abin da hoto bai nuna ba sai ta cike shi da abin da ta sani. A saninta, shinge na kare mutanen gida ne daga ɓarawo da dabba, saboda haka ta yi wa ƙofar garin ƙyaure mai kyau ta sa masa sakata ta ciki, 'yar ƙarama da aka yi da allura, tana zugewa da gaske. A saninta kuma gari ba ya zama gari sai da abinci, saboda haka kowane gida ta yi masa murhu, da ɗan rumbun shinkafa na katako a kan ƙafafu, da akurkin kaji. Har dakalin hira ta yi a bakin ƙofar gari, inda dattawa za su zauna bayan magariba. Gari ne da duk wanda ya gani zai so ya sauka a cikinsa.

Wata Asabar da rana suka ɗora shi a bayan motar Malam Halliru, ana tsuga ruwa, suka hau da shi benen Wangsa Maju a lulluɓe da labulen wanka. Da aka yaye, matasan ƙungiyar suka kewaye shi da wayoyinsu. Mutum ɗaya ne bai fito da waya ba, shi ne Ankul Fong, dattijon ƙungiyar, tsohon mai gyaran agogo ɗan kimanin tamanin, wanda ya fi kowa daɗewa yana fentin sojoji. Shi ne kuma zai tsaya a gefen teburin ranar baje koli yana yi wa baƙi bayani, domin a irin wannan ƙauye ya yi ƙuruciyarsa. Ya sa gilashinsa na aiki, ya ciro ɗan matsefin agogo daga aljihu, ya zuge sakatar, ya mayar da ita.

Ya tambaye ta da Turanci, cikin girmamawa, yana kiranta Puan, wato uwargida. "Puan, wa yake kulle wannan ƙofa?"

Ta ce, "Mutanen gari."

"Su da kansu? Daga ciki?"

"Daga ciki mana. Ta ina ake kulle gida?"

Ya daɗe yana kallon rumbunan da dakalin. Sannan ya ce gari ne mai kyau ƙwarai, da a ce a cikinsa aka haife shi da ya gode wa Allah, amma ba a cikinsa ya girma ba, kuma ba zai tsaya gaban jikokin mutane ya ce musu haka aka yi ba. Ya mayar da matsefinsa aljihu ya sauka. Shugaban ƙungiyar ya bi Josiah da magana a hankali, cewa idan Ankul Fong bai yarda ba, babu yadda za a yi, sai dai a fito da tsofaffin gidajen kwali da aka saba amfani da su.

A hanyar komawa Malam Halliru ya yi ta ba ta baki, yana cewa wasa ne fa, kada ta sa wa ranta. Ita kuwa ba ɓacin rai ne ya fi damunta ba. Tunawa ta yi da wata ɗabi'a ta kakanta. Maitama bai taɓa haƙa harsashi ba sai ya aiki matarsa cikin gida ta zauna da matan da za su rayu a ginin, ta ji inda suke son murhu, da inda rana ke dukan randa, da inda za a yi shanya. Yakan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita kuwa ta gina gari sukutum ba ta tambayi mai shi ba, alhali yana nan da ransa, tasha ɗaya tsakaninsu a jirgi.

Ta roƙi Josiah ya nemo mata iso. Tsohon ya ce ba shi da lokaci. Aka sake, ya ce maganar ta wuce. Sai Josiah ya gano cewa kullum da hantsi tsohon yana shan shayi a wani shagon mamak, irin gidajen abincin nan na Musulmin Indiya da kowa ke zama a ciki. Nan Hureira da mijinta suka same shi. Ba ta zo da dogon ban haƙuri ba. Ƙyauren kawai ta ciro daga jikin ginin, ta ajiye a gefen kofinsa, ta ce ta yi kuskure, tana so ya nuna mata inda sakatar take.

Ya juya ƙyauren da yatsa ɗaya, ciki ya koma waje. Ya ce masu gadi ne ke rufewa da yamma su buɗe da safe, kuma bayan an rufe babu mai zama a dakali. Da ya ga ba ta tashi ba, sai ya ci gaba, da farko a gutsure, daga baya kamar an buɗe famfo. Ya faɗi yadda motocin soja suka zo gonarsu suka kwashe su. Ya faɗi yadda ake caje masu fita tatsar roba kowace safiya, ba a barin kowa ya fita da ko lomar abinci. Gwangwanin madara ma a shago ake huda shi kafin a ba ka, domin kada ya daɗe har ya kai daji. Akwai lokacin da aka hana girki a gidaje baki ɗaya, aka kafa babban kicin guda, kowa ya bi layi da kwanonsa. Ya ce kawunsa na cikin mayaƙan daji, ɗan gwaggonsa kuma na cikin masu gadin ƙofa, kuma kowane ɓangare yana ganin mahaifiyarsa na taimakon ɗayan.

Hureira ba ta tambaye shi bindiga ko hula ba. Ta tambayi ta inda hayaƙi ke fita, da nisan rijiya, da wanda ke ɗebo ruwa. Can sai ta ce, "Ankul, a ina mama take ajiye shinkafa?"

Ya ce ai ya gaya mata an hana.

Ta ce, "An hana, na ji. Ni uwa ce. Idan yaro ya tashi yana kukan yunwa, ba za a ce masa ya jira layi ba. A ina take ajiyewa?"

Malam Halliru ya taɓa ta a gwiwa, yana ganin ta wuce gona da iri. Tsohon ya cire gilashinsa ya goge, ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta yi kama da dariya ba. Ya ce gorar shanya. Wata doguwar gora ce da ake rataya wanki a kanta a ƙofar gida, mahaifiyarsa ta fasa gaɓoɓin cikinta ta ɗura shinkafa ta toshe bakin da tsumma. Masu caje sun ɗaga katifa, sun tona ƙasa, amma ba wanda ya taɓa sauke wandunan yara daga kan gora. Da an kama ta, da an ce shinkafar ta mutanen daji ce, alhali ta kunun ƙanwarsa ce. Ya ce shekarunsa masu yawa a ƙungiyar nan, an tambaye shi kowace irin tambaya a kan takalmin soja, amma ba a taɓa tambayarsa wannan ba.

Rushe abin da hannunka ya gina ya fi gina shi wuya, amma ta saba tun tana yarinya. Ta cire rumbunan ɗaya bayan ɗaya ta zuba a gwangwanin biskit. Ta kankare murhunan, sai dai ta bar tabon kunkunniya a jikin bango, domin a ga inda wuta ta taɓa zama. Ta fasa dakalin, ta ƙara layin waya na biyu, ta yi rumfar masu gadi da babban kicin mai doguwar baranda. Ta juya ƙyauren. A kan kantar shago ta ajiye gwangwani mai huji a ka, wanda sai da tabarau ake ganinsa. Gorar kuwa da bututun cikin biro ta yi ta. Matsalar ita ce shinkafa, domin ƙwaya guda ta kai cinyar soja girma. Josiah ne ya warware wannan, ya hau sama ya dawo da cokali guda na acca daga wadda mahaifiyarsa ta aiko masa daga Jos, yana mita cewa ko matar da zai aura ba zai ba ta wannan accar ba, kada a sake roƙonsa.

Aka sake kai garin Wangsa Maju. Babu wanda ya ce ya fi na farko kyau, domin bai fi ba. Ankul Fong ya zagaya shi a hankali, ya gwada sakatar daga waje, ya tsaya a kan tabon kunkunniyar ya gyaɗa kai. Hureira ta nuna masa gida na uku daga rijiya, ta ce ya sauke shanyar. Ya sa matsefinsa ya ɗaga gorar, ya zare ɗan toshin, ya karkata ta. Acca ta zubo masa a tafin hannu. Aka ja masa kujera ya zauna, hannun a buɗe, bai yarda kowa ya karɓa ba.

Sannan ya dube ta ya ce, "Boleh, sifu." Ma'anarsa, ya yi, gwana. Sifu kuwa shi ne abin da suke kiran wanda ya ƙware a sana'arsa har ake koyo a wurinsa.

Ranar baje koli zauren ya cika. A gefen babban tebur an kafa allo, an rubuta Hureira Yahuza Maitama, domin haka ta ce a rubuta, da sunan uba da na kaka. Kafin a jera sojoji, Ankul Fong ya buɗe akwatinsa ya fito da wani abu a naɗe cikin auduga. Mace ce 'yar ƙarama da hular malafa, ta ɗora yarinya a kwankwaso. Ita ce siffa ta farko da ya taɓa yi wa fenti wadda ba ta riƙe da bindiga. Ya ajiye ta a ƙofar gida na uku, ƙarƙashin gorar. Da can da maɓallan riga ake nuna mutanen gari a wasan, idan ma an tuna da su. Daga ranar matasan suka ƙara doka, cewa duk ɓangaren da harbinsa ya faɗa cikin gidaje ya faɗi wasan, ko sojojinsa nawa suka rage. An yi gardama a kan dokar har yamma, kamar yadda suka saba, amma ta zauna.

Hureira ta aika wa mahaifinta hoton allon da na garin. Malam Yahuza ya maido da saƙon murya, ya ce an sa masa tabarau ya duba sosai, gangaren rufin ya yi daidai, ruwa ba zai kwanta ba, kuma da Maitama na raye da ya yi murna. Sai dai yana so ta gaya masa wane ne ya koya mata sa sakata a waje. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan sai ta zo gida ta zauna ta yi masa bayani.

Yanzu ƙungiyar ta ba ta aikin wani gari na Kenya, kuma ta ce ba za ta yanka ko kwali ba sai an samo mata wanda kakarsa ta zauna a irinsa, ko da ta waya ce. Rumbunan da ta cire suna nan jere a tagar kicin, ban da guda ɗaya da Ankul Fong ya roƙa ya ajiye a gidansa.

A wajen baje kolin ne wani ɗalibi ɗan Kano mai suna Mus'ab, da ya ji ana Hausa ya matso, ya gaishe ta ya ce, Hajiya, ke ba ki jefa ƙwayar ludo, ba ki yin sojoji, yaƙin ma ba na ƙasarmu ba ne, me ya sa kike wannan wahala?

Ta gyara mayafinta, ta kalli teburin, ta ce, "Ni 'yar magina ce, ɗan'uwa, gini aka ba ni na yi. Su sojojin nan an san hularsu, an san takalminsu, in an gama wasa a akwati ake mayar da su. Amma duk inda suka yi faɗa ƙofar gidan wata ce. To ni gidan nake ginawa, don mai jefa ƙwayar ya ga inda za ta faɗa."